Amsa: Me ya sa ake son rushe wani ɓangare na Renaissance Center a Detroit?

Malam, ka tambayi dalilin da za a taɓa ginin da ya fi kowanne tsawo a jihar Michigan. Ai matsalar tun daga tushe take.

Bayan tarzomar 1967 masu kuɗi suka yi ta ficewa daga tsakiyar Detroit, sai Henry Ford II, shugaban kamfanin motoci na Ford a lokacin, ya haɗa kan 'yan kasuwa don a farfaɗo da birnin. John Portman ya zana ginin: otal mai hawa 73 a tsakiya, hasumiyoyi huɗu na ofisoshi masu hawa 39 sun kewaye shi. A 1977 aka buɗe.

Sai dai an gina shi kamar ganuwa. Wasu katangun kankare sun tare fuskarsa ta titin Jefferson, ya kuma juya wa kogin Detroit baya. Cikinsa kuwa zagaye ne kan zagaye, baƙo ya fito daga lifta ya rasa gabas balle yamma. A ganina nan aka yi kuskuren farko.

Da General Motors (GM), mai ƙera motoci, ta saye shi a 1996, ta kashe kusan dala miliyan 500 wajen gyara: aka ture katangun, aka gina Wintergarden, zauren gilashi mai kallon kogi da garin Windsor na Kanada. Aikin ya kammala a 2004.

Amma bayan korona ofisoshi suka zama fayau. A 2024 GM ta sanar za ta koma Hudson's, wani sabon gini a tsakiyar Detroit, sannan ita da kamfanin gine-gine na Bedrock suka kawo shawarar rushe hasumiya biyu da ke bakin kogi. Otal ɗin Marriott, wato dogon ginin na tsakiya, ba ya cikin waɗanda za a rushe.