Tambaya da Amsa: Masu kwano da asuba a Bankok

Tambaya: Nakan je Bankok, babban birnin ƙasar Thailand, saro kaya. Da asuba ina ganin maza masu tufafi ruwan goro suna yawo da kwano. Bara suke yi? Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

Amsa: Alhaji, sufayen addinin Buda ne, kuma ba sa buɗe baki su roƙa. Shiru suke tafiya, ƙafa ba takalmi, mutane su zuba musu dafaffiyar shinkafa da miya ƙulle a leda. Dokokinsu 227 sun hana su cin abinci bayan rana ta take tsaka, sun kuma hana ajiye na gobe, shi ya sa kullum sai sun fito. Mai bayarwa ma cire takalmi yake yi. Inda baƙi ke kuskure: sufi ba ya taɓa mace, don haka cikin kwano za ta saka, kada hannu ya haɗu.