Akwai kuɗin rashin aiki a Kamaru kamar na Amurka?

Malam, ka ce an sallame ka daga aiki a Garwa saboda kasuwa ta mutu, kana tambaya ko gwamnati za ta riƙa ba ka wani abu duk wata. Sannu, Allah ya musanya da mafi alheri. Amma irin wannan tsari babu shi a nan. A yawancin jihohin Amurka ana biyan wanda ya rasa aiki na mako 26, da tattalin arziki ya durƙushe a 2009 suka tsawaita har mako 99. CNPS ɗinmu kuwa, wato hukumar inshorar ma'aikata ta Kamaru, fansho take biya, da kuɗin yara, da diyyar haɗari a wurin aiki.

Haƙƙinka yana hannun mai gidanka. In ka cika shekara 2 a wurin, kuma ba don babban laifi aka sallame ka ba, doka ta ba ka kuɗin sallama. Tattara takardun albashinka da wasiƙar sallamar ka kai ofishin sufeton ƙwadago. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba, nan ake cutar mutane da yawa.

Sauƙin haraji kam an taɓa yi. A Afrilun 2020, lokacin korona, an yafe wa masu tasi da masu baburan haya da 'yan tireda na kayan miya harajin wata 3, aka sanar da ɗaga kuɗin yara daga sefa 2,800 zuwa 4,500. A ganina bai kai ko'ina ba, domin ragin haraji sai mai abin sayarwa yake amfana, kai kuwa albashi ka rasa.