Katin ATM a hannun ɗan shekara 14: amsoshin tambayoyinku

An kusa komawa makaranta, don haka rabin saƙonnin da suka shigo mini a makon nan kan katin banki na yara ne. Na zaɓi biyar.

Wata uwa daga Jekadafari, Gombe: 'Yata shekararta 13, za ta tafi makarantar kwana. Ina son ta riƙa cirar kuɗi da kanta. Wane kati zan yi mata?

Hajiya, hanya biyu ce. Ta farko ki buɗe mata asusun matasa. First Bank suna da MeFirst, UBA suna da UBA Teens, GTBank suna da SKS Teen, duka na 'yan shekara 13 zuwa 17 ne, sunan yarinya a kai, ragama a hannunki. Ki tafi da takardar haihuwarta da hotunan fasfo da NIN ɗinta, da kuma naki BVN da katin shaida. Ta biyu katin da ake loda wa kuɗi, wanda ba ya manne da asusun kowa: abin da kika zuba shi ke nan, in ya ƙare kati ya zama roba. Na fi son ta farko, don kowane reshe ya san da ita. Abin da nake yi wa nawa yaran: alat a wayata yake shigowa, kuɗi kuma duk Juma'a nake turawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya zuba wa yaro kuɗin zango guda a ranar farko, ya saurari kira a mako na uku.

Wani ma'aikacin gwamnati daga Tumfure: Nakan aiki ɗana mai shekara 14 da katin albashina ya ciro mini kuɗi wajen mai POS. A watan nan naira 47,000 ta fita, dubu biyu, dubu uku, yawanci cikin dare. Ya rantse bai ciri ko sisi ba, katin ma a aljihuna yake kwana. Bankin ne ke yi mini sata?

Malam, duk lokacin da na ga irin wannan saƙo sai raina ya ɓaci, kuma kai ne na huɗu a watan nan. Ka bar banki tukuna, kada a bar jaki ana dukan taiki. Mai yiwuwa ma yaron gaskiya ya rantse, bai ciri ba. Sayayya ya yi, ko wani ya yi a madadinsa.

Ɗauko katin ka duba. A gaba akwai doguwar lamba da watan da zai mutu, a baya akwai wasu lambobi uku ƙanana. Duk wanda ya mallaki waɗannan ukun zai iya sayayya a intanet ko da katin na ƙarƙashin filonka. Ɗaukar hoton gaba da baya bai kai daƙiƙa biyar ba. Abin da ya rage kawai shi ne lambar OTP, wato lambar tabbatar da sayayya da banki ke turowa wayarka, kuma ina tambaya, a hannun wa wayarka take bayan sallar isha'i, lokacin da kake hira a majalisa? Yaro ya karanta lambar, ya goge saƙon, ya goge alat, ya ajiye maka wayarka a kan caji kamar mutumin kirki. Wasu shafukan ma sau ɗaya suke neman OTP, daga nan sun adana katin, sai dai a yi ta danna “saya”.

Kuɗin da ke fita dubu biyu, dubu uku a tsakar dare na san kamanninsa: data, ko lu'ulu'un wasan waya na Free Fire, ko kuma abin da ba na yi maka fata, cacar ƙwallo. Ɓarawon waje galibi ba ya tsakura, sharewa yake yi gaba ɗaya kafin ka farka.

Sai lambar sirri. Ban san ka ba, amma zan iya rantsuwa cewa shekarar haihuwarka ce, ko 1234. Kwanaki ina tsaye a wata rumfar POS a babbar kasuwa, wani yaro ya miƙa kati, mai rumfar ya ce ya sa lamba, sai ya juya bayan katin ya karanto ta da ƙarfi, an rubuta da biro a kan farin layin nan na sa hannu. Mu bakwai ne a layi, duk mun haddace. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Yau ɗin nan ka toshe katin ta manhajar bankinka ko lambar USSD, irin wadda ake dannawa a waya da * da #, gobe ka je ka karɓi sabo. Canza lambar sirri kaɗai ba zai yi ba, tunda doguwar lambar ta riga ta fita. Ka nemi su bugo maka bayanin shige da ficen kuɗin wata uku, sunan inda kowace naira ta tafi yana nan a rubuce. Ka sa wa layinka lambar kulle, ka hana saƙonni bayyana a fuskar waya in tana rufe. Sannan ka zaunar da yaron da takardar a gabanku, ba da bulala ba, don kai ka ba kura ajiyar nama. In aikensa ya zama dole, buɗe masa nasa asusun kamar yadda na gaya wa Hajiya, ka tura masa daidai abin da zai ciro. Albashin gida guda ba ya yawo a aljihun wandon makaranta.

Wani ɗalibi daga Kumo: Shekarata 15. Zan iya buɗe OPay ko PalmPay da NIN ɗin yayana?

A'a, ɗana. Tun ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya wajabta BVN ko NIN ko da a ƙaramin asusu, kuma mai lambar shi ne mai asusun. Ran da aka kulle shi fuskar yayanka za a nema. Ran da kuka yi faɗa kuma kuɗinka sun zama nasa. Ka kai Baba banki.

Wani uba daga Bajoga: Verve zan karɓar wa yaro ko Mastercard?

Verve. Na gida ne, yana aiki a kowace na'urar ATM da POS a ƙasar nan, kuma shafukan waje da yawa ba sa karɓarsa. Ga babba wannan matsala ce, ga ɗan shekara 13 kuwa rahama ce. In wayarsa Android ce, ka haɗa ta da Family Link, manhajar Google ta kula da wayar yara, ka kunna neman izini kafin sayayya a Play Store.

Wata yaya daga Pantami: Na'ura ta haɗiye katin ƙanena bayan ya sa lamba ba daidai ba sau uku.

Na'urar aikinta ta yi. Wanda ya buɗe masa asusun ya je reshe da katin shaidarsa ya nemi sabo. Ranar Litinin layi ya fi tsawo, ku bari sai Laraba da safe.