Makin ɗalibai 40: wane zane ya dace?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya nuna makin jarrabawar ɗalibai 40 da zanen da'ira mai yanka-yanka. A ganina, kada ka yi. Da'ira ta dace da abin da ke zuwa rukuni-rukuni, kamar rukunin jini, inda kowane yanki ke ɗaukar kasonsa daga digiri 360. Maki kuwa adadi ne.

Fara jera makin daga ƙarami zuwa babba, sannan ka raba su gida-gida masu faɗi ɗaya: 30 zuwa 39, 40 zuwa 49, har ƙarshe. A nan ake yawan tuntuɓe. In ka rubuta 30 zuwa 40, sannan 40 zuwa 50, to mai maki 40 ina zai shiga? Ka ƙirga mutum nawa suka faɗa kowane gida, ka tabbata jimillar ta koma 40. Gida shida ko bakwai sun isa.

Daga wannan teburin sai ka zana histogiram, wato zanen sanduna da tsayin kowace ke nuna yawan mutanen gida ɗaya, sandunansa manne da juna, tunda makin yana bin juna ba yankewa. Sanduna masu tazara a tsakani, irin waɗanda William Playfair, wanda ya ƙirƙiro zanen sanduna, ya wallafa a 1786, na rukunai ne. Layin tsaye mai nuna yawan ɗalibai kuma ya fara daga sifili, in ba haka ba ƙaramin bambanci sai ya yi kama da babba.

In ba ka so ainihin makin kowa ya ɓace, yi zanen kara da ganye: a 47, 4 ne kara, 7 ganye.