Wayarin kafin filasta: me ya kamata a gama?

Tambaya: Malam, ina gini a Rijiyar Zaki, an riga an yi rufi. Magini na son fara filasta, mai wayarin kuma ya ce a dakata masa. Me zai yi tukuna, kuma yaya zan gane aikinsa ya yi kyau?

Amsa: Mai wayarin ne da gaskiya, Alhaji. A wannan mataki fayif da akwatunan makunni da na soket ake binnewa cikin bulo. Waya kuwa sai filasta ta bushe a zura ta, don wadda aka bari a kango ɓarayi ke kwasa.

Ku zaga ɗakunan tare, ku sa alama da alli. Makunni kamar mita 1.2 daga ƙasa, a gefen da ƙofa ba za ta rufe shi ba. Soket santimita 45. A auna daga inda tayil zai tsaya, ba daga dandaɓen yanzu ba.

Saran bango ya tafi a miƙe, sama ko gefe. Fayif da aka bi da shi a karkace, ranar da za a kafa labule ƙusa za ta same shi. Na milimita 20 ya isa fitilu da soket, na 25 kuma inda waya ta yi kauri ko yawa. Kada lanƙwasa ta wuce biyu tsakanin akwati da akwati, kuma da sifirin ake lanƙwasawa, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ake zurawa cikin fayif don kada ya tsuke. Masu gasa fayif a wuta suna tsuke cikinsa, daga baya waya ta ƙi wucewa, sai an fasa bango.

Akwatin ne aka fi ɓatawa. Bakinsa ya fito daga bulo gwargwadon kaurin filasta, kamar milimita 12 zuwa 15, a sa ma'aunin ruwa a daidaita shi. In ya nutse, sukurun makunni ba zai kai ba. In ya karkace, haka zai zauna kowa na gani. A cusa takardar buhun siminti a ciki, kada kwaɓi ya toshe bakin fayif.

Lokacin zurawa, waya mai kauri 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, 4 ta na'urar sanyaya ɗaki da hita, kowacce da layinta da birekarta, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in lodi ya yi yawa. A bar jela santimita 15 a kowane akwati, kuma haɗi a cikin akwati kawai ake yi. Wayar kariya, wadda ke sauke wuta cikin ƙasa in an samu matsala, dole ta kai ga kowane soket. In ka je saye a Sabon Gari, kankare bakin wayar da wuƙa: in cikin ya fito fari, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, tana zafi a mahaɗa.

Yadda wutar KEDCO take, yawanci ana ƙarewa da sola. Ka raba layin fitilu da fanka daga na kaya masu jan wuta tun yanzu, ka bar fayif ɗaya babu komai daga rufi zuwa inda inbata za ta zauna. Sannan ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka kafin magini ya rufe.