An rike min kaya a Amurka saboda yadin China, me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina da shagon dinki a Agege, muna dinka kaftani da jallabiya muna turawa wani dan uwa mai shago a Amurka. Yadin a kasuwar Balogun ta Legas nake saye, na China ne. Wannan karon kwastam dinsu sun rike kayan wai sai an kawo takardun inda aka noma audugar, shi kuma ya ce bazai biya ni balans ba sai kaya sun fito. Dan Allah ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya warware. Maganar da zan fara fada maka ita ce ba kai ake tuhuma ba, ba telolinka ba, audugar da ke cikin yadin ake bi.

Amurka na da doka tun 1930, sashe na 307 na dokar harajin shigo da kaya, da ta hana shigar da duk abin da aka yi da aikin tilas. Ta dade ba'a cika aiki da ita ba, sai a Disamba 2021 aka sa hannu a wata sabuwa da ake kira UFLPA, wato dokar hana sa 'yan Uyghur aikin tilas, ta fara aiki 21 ga Yuni 2022, kuma ita ce ta juya lissafin gaba daya. Abin da tace shi ne duk kayan da aka yi a yankin Xinjiang na China, inda Musulmin Uyghur suke, ko da wani bangare ne kawai na kayan ya fito daga can, to za'a dauka da aikin tilas aka yi shi har sai mai kaya ya kawo hujjar da ta wanke shi. Kaga nauyin hujja ya koma kan dan kasuwa kenan. Mafi yawan audugar China kuma daga Xinjiang take fitowa, shi yasa auduga na cikin abubuwan da suka fi sa wa ido tun farko, tare da tumatir da sinadarin da ake hada faifan sola. Wai a Legas aka dinka, wannan baya cire ka, domin dokar bata tsaya kan inda aka sa allura ba, tana bin zaren har gona.

A idon kwastam din Amurka, wanda sunansa ke kan takardar shigo da kaya shi suka sani, shi zai amsa. In mutumin naka ne to shi aka ba takardar rikewa kuma a jikinta akwai kwanan wata, ka ce ya turo maka hotonta yau dinnan, don yawanci kwana 30 ne ake da su, ana iya rokon kari, in aka yi shiru kuma sai su yanke cewa kayan bazasu shiga ba. Bayan haka akwai kwana 180 na shigar da korafi, amma kudin ajiya na tafiya kullum.

Hanya ta farko ita ce ku nuna audugar bata da alaka da Xinjiang. Wannan na bukatar takardu tun daga wanda ya noma, wanda ya kada zare, masakar da ta saka, wanda ya shigo da yadin ta tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can, dilan da ya sayar maka, har zuwa shagonka, da invois da shaidar biyan kudi a kowane mataki. Gaskiya zan fada maka, ga wanda ya sayi yadi a Balogun da risit na hannu, ko ma babu risit din, wannan hanya da wuya ta bulle. Ka gwada dai, ka koma wajen dilan ka tambayi sunan kamfanin da lambar bandir, wani lokacin manyan masu shigo da kaya suna da takardun. Hanya ta biyu, kuma inaga ita tafi kusa da kai, ita ce a nemi izinin fitar da kayan daga Amurka, a dawo dasu gida ko a kai wata kasuwar, dokar ta yarda da haka. Ta uku a sallama a lalata su, wannan sai in kudin dawowa ya fi kudin kaya.

Abu daya nake rokonka, kar wani ejen yace zai hada maka takarda wai audugar Funtuwa ce. Suna da gwajin da ke gano yankin da auduga ta fito, in aka kama karya matsalar ta tashi daga asarar kaya ta koma tara da laifi, kuma dan uwan naka dake can shi zai fara shiga ciki.

Sai maganar balans, wadda nasan ita ke hana ka barci. Wannan ya danganta da yadda kuka shirya. In yarjejeniyar ku FOB ce, wato naka shi ne ka dora kaya a jirgi a Legas, to daga lokacin hadarin ya koma kansa, kuma in baka yi masa alkawarin asalin yadin ba kana da hujja mai karfi ta neman kudinka. In kuwa ka dauki nauyin kai masa har kofar shago da biyan kwastam, nauyin naka ne. Nasan yawancin mu a WhatsApp muke gama ciniki, kar ka goge ko sako daya, har na murya, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da irin wannan shaidar in an cika sharuddanta. Kana da shekara shida ka kai karar kwangila a Legas amma bana baka shawarar ka fara da kotu, ko ka ci nasara anan karbo kudin a Amurka wani dogon aiki ne mai cin dala. Ku zauna da manya a raba asarar a rubuta a sa hannu, in abin yaki akwai Multi-Door Courthouse ta Legas da ke yin sulhu.

Don gaba, duk yadin da zaka dinka na fita waje ka saye shi wajen mai iya baka takardar asali ko da yafi tsada, kuma ku rubuta waye ke daukar asara in an rike kaya. Turai ma ta yi tata dokar a 2024, zata fara aiki Disamba 2027, ita bata ware kasa daya ba, ko ina ne. Don haka ka duba shagonka ma, yaran da aka kawo daga gida koyon dinki, in ana rike musu kudin aiki, ko an daure su da bashi, ko an hana su tafiya in sun so, wadannan na cikin alamomin aikin tilas da kungiyar kwadago ta duniya ILO ta lissafa, kuma sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta shi tun a nan gida.

Ka hada hoton takardar rikewar, takardar lodin jirgi, fom din NXP na fitar da kaya waje in kayi, da hirarku ta WhatsApp ka kai wa lauyanka cikin satin nan, shi kuma mutumin naka ya nemi lauyan kwastam a can kafin kwanakin su kare.