Tambaya da Amsa: Ziyarar birnin Delft daga Ingila

Tambaya: Ina zaune a Landan, ina riƙe da fasfon Birtaniya, amma maiɗakina fasfon Najeriya take riƙe da shi. Muna son mu kai yara Holan su ga tsofaffin biranen nan masu hanyoyin ruwa, sai dai an ce mana Amsterdam ta cika cunkoso. Ina kuke ba mu shawarar mu nufa?

Amsa: Malam, mun gode da wasiƙarka, kuma shawararmu ita ce ku nufi Delft. Jirgin ƙasa na Eurostar yana tashi daga tashar St Pancras ya sauke ku a Rotterdam cikin awa uku da 'yan mintoci, daga nan kuma Delft ba ta fi tafiyar kwata ɗin awa ba.

Sai dai a fara da maganar takardu. Tun bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, kwana 90 ne kawai aka yarje maka ka zauna a yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Holan ke ciki, cikin kowane kwana 180 ba tare da biza ba, kuma dole fasfonka ya kasance bai kai shekara 10 da bayarwa ba, ya kuma rage masa aƙalla wata uku bayan ranar dawowarka. Ita kuwa Hajiya, izinin zamanta a Ingila ba zai shigar da ita Holan ba, sai ta nemi bizar Schengen tun da wuri.

Abin da ya sa muka zaɓi Delft shi ne ƙaramin gari ne da ake zagaye tsakiyarsa a ƙafa cikin yini ɗaya, amma tarihin Holan ya taru a cikinsa. A nan ne aka harbe William na Orange, jagoran tawayen da aka yi wa mulkin Sifaniya, a shekarar 1584, kuma kabarinsa yana cikin cocin Nieuwe Kerk, inda har yau ake binne 'yan gidan sarautar ƙasar. Mai ƙarfin gwiwa zai iya hawa matakala 376 na hasumiyar cocin ya hango garin baki ɗaya. A bakin tsohuwar hanyar ruwa ta Oude Delft kuma akwai cocin Oude Kerk mai karkatacciyar hasumiya, inda aka binne mai zane Johannes Vermeer, da Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya fara hango ƙwayoyin bakteriya da madubin ƙara girma, kuma yara masu sha'awar kimiyya za su ji daɗin labarinsa. Masana'antar tangaran mai shuɗin zane ta Royal Delft tana aiki tun 1653.

Wurin da muke roƙon ka sa ido sosai shi ne titi. A Holan dama ake bi, saɓanin Ingila, kuma masu kekuna suna zuwa da gudu ba tare da ƙara ba a kan hanyarsu mai jan launi, wadda baƙo kan ɗauka ta masu tafiya a ƙafa ce. Gefen ruwan ma a wurare da yawa babu shinge, saboda haka a riƙe hannun ƙananan yara.